Maza Bakwai A Bakin Gona

A Katama kowa wiwi yake nomawa, mu ma haka. Babana, Mufaddal, yana da irinsa, baldiya, da ya gada wajen kakana. Doguwa ce siririya, ruwan sama kaɗai ya ishe ta. Duk kaka yakan zaɓi kawuna masu kyau, ya kakkaɓe irin cikin tulu, ya toshe bakin da tsumma. Bai taɓa sayen iri ba.

Bara waccan yayana Layashi ya dawo daga kasuwar Isagen da wani iri a leda.

"Baba, wannan gajeriya ce, ganyenta kamar tafin hannu. Kanta ɗaya ya fi uku na tsohuwar nan taka."

"Tsohuwar ce ta saya maka wandon da ke gindinka," in ji Baba. "Kai abarka can sama, kusa da idon ruwa. Kar ta matso ni."

Haka aka yi. Gajeriya ta fito baƙi-ƙirin, a cunkushe, warinta har hanya. Ga shan ruwa. Kwana biyu in ba a ba ta ba sai ta langaɓe.

Da ta fara fure Layashi ya ce, "Bushta, shiga ka tumɓuke mazan cikinta, kar garin furensu ya sa matan su yi iri. Duka fa. Ka ji ko, sarkin sanyin jiki?"

Na ce na ji. Na yi ta tumɓuka har la'asar. Amma da na zo bakin gona sai hannuna ya ƙi. Tun ina yaro nake ganin Baba yana barin maza bakwai a gefe, saboda iri. Gona ba namiji ko ɗaya, ban taɓa gani ba. Na bar bakwai. Ban gaya wa kowa ba.

Satin nan iska ta yi ta busowa daga saman dutse zuwa ƙasa, ta kan gonar Baba, ɗauke da garin furen mazan.

Da kaka Baba ya cika tulunsa kamar kullum. Da bazara ya shuka. Abin da ya fito ba baldiya ba ce. Ba ta kai ƙugu ba, ganye mai faɗi. Gonarsa kuwa tudu ce, ba tiyo, ba rijiya. Ni da Inna Rahimu muka yi ta jido da jarka a kan alfadari, a banza. Kafin lokacin girbi ta ƙone.

Baba ya bi gida-gida har garin Tilata yana neman baldiya tsantsa. Duk wanda ya buɗe masa tulu, gauraye ne.

Ɗan abin da ya tsira ya yanka ya cusa a lofe. Da can in ya sha sai hira da tsokana, har Inna ta kore shi waje. Wannan kuwa ya zuƙa sau biyu, kafaɗunsa suka sauka, ido ya yi nauyi. Shayinsa ya huce a gabansa.

Na zauna kusa da shi.

"Baba, ni ne. Na bar maza a gonar Yaya."

Ya ɗago.

"Nawa?"

"Bakwai."

"A gefen da iska ke fitowa?"

"E."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Haka na koya maka."

Washegari ya zazzage tulun a gaban kaji. Ya wanke shi da kansa, ya kife a rana. Da ya bushe ya miƙa wa Inna, ya ce ta zuba zaitun.