Yadda Malam Zakariyya Ya Zama Uwar Kaji

Duk Dutsen Kura an san Malam Zakariyya ba ya ƙaunar kaza. Namanta yana ci, har ya tsotse ƙashi, amma mai rai da ke yawo tana tono ko ganinta ba ya so. Lambunsa ne dalili. Tun da ya ajiye aikin tuƙi a sakatariyar Maikunkele ya mai da bayan gida wurin aikinsa: ga alayyafo, ga kuɓewa, ga kuma wani ɗan fangali a gindin katanga, faɗinsa bai wuce dardumar salla ba, wanda ya fi ji da shi a kan sauran duka. A nan ya yafa irin attarugun yayansa Ndagi, wanda ya rasu bara a Garatu. Wannan iri ba a samunsa a kasuwa. Marigayin ne ya yi ta zaɓensa shekara da shekaru, abin da ya rage kuwa ɗan ƙulli ne a leda, wanda matar marigayin ta miƙa wa Zakariyya ranar sadakar arba'in. Ya yafa shi duka, ya kewaye da tsohon gidan sauro. In fangalin nan ya lalace, attarugun Ndagi ya ƙare ke nan.

Kajin kuwa na matar Zakariyya ne, Mariyamu, kuma ba ta taɓa jin cewa suna da laifi ba. In sun cinye alayyafo sai ta ce ai sun bar masa taki.

Da damina ta kama, wata jar kazarta ta ƙyanƙyashe. Kafin sati ya zagayo shirwa ta gano gidan, ta mai da shi wurin cin abincin rana. Kullum hantsi sai ta sauko ta sure ɗan tsako guda ta yi sama. Mariyamu ta yi jifa, ta buga kwano, ta yi zagi da Nufanci, ba abin da ya canza. Zakariyya dai yana ban-ruwa yana jajanta mata da baki, a zuciyarsa kuwa yana yi wa shirwa fatan tsawon rai.

Maƙwabcinsu Gideon ne ya leƙo ta katanga ya kawo shawara.

"Maman Rashida, ki saya jibi a kemis, wannan magani na ciwo mai shuɗi. Ki rina su duka. Shirwa in ya gani ba zai san kaza ne ba. Haka muke yi a ƙauye."

Ta saya, ta dama a roba, ta kira mijinta.

"Malam, zo ka riƙe mini su."

"Ni? Me ya haɗa ni da su?"

"Ina da biki jibi. So kake in je da hannu shuɗi?"

Haka ya tsuguna yana ƙunƙuni, yana tsoma 'yan tsaki a ruwan jibi yana fitarwa. Kafin a gama hannayensa sun rine har gwiwa, gaban rigarsa ma haka, da gemun da ya yi ta sosawa don haushi.

Shawarar Gideon ta yi aiki, har ta wuce inda ake so. Shirwa ta zo ta yi shawagi, ta duba, ba ta ga abin da ta sani ba, ta tafi. Sai dai uwar ma ba ta ga abin da ta sani ba. Da aka sako mata 'ya'yanta shuɗaye suna kuka, ta karkata kai ta dube su da ido ɗaya, ta juya ta dube su da ɗayan, ta yi wata ƙara, ta haye katanga ta faɗa gidan Gideon. A can ta tare, kuma ko kunya ba ta ji ba.

'Yan tsaki shida suka rage, jiƙaƙƙu, suna rawar sanyi a tsakar gida. Suka duba gabas, suka duba yamma. Abu ɗaya ne mai launinsu a gidan, yana tsugune a lambu yana tona ƙasa da hannu, tana na fitowa. Suka ɗunguma suka shige ƙarƙashin rigarsa, suka yi shiru.

Ya kore su, suka dawo. Ya shiga ɗaki, suka tsaya a bakin ƙofa suna kuka har maƙwabta suka fara tambaya ko lafiya. Ya wanke hannu da sabulu, ya cuɗa da toka, ya gwada kananzir, jibi yana nan daram. Mariyamu ta kife su da kwando, suka ƙi cin tsaba, suka ƙi shan ruwa, sai ya zo ya zauna kusa. Ta ce masa to ya zaɓa, ko ya zauna ko su mutu a wuyansa.

Da azahar ya fita masallacin unguwa, ya waiwaya, sai ga su a jere a bayansa suna tsallake kwata. Masu okada suka tsaya kallo. Ya bar su a bakin ƙofa ya shiga sahu, da aka sallame ya tarar sun raba kansu cikin takalmansa suna barci. Bai tashe su ba. Ya ɗauki takalman a hannu ya taka gida ba takalmi, yana gaya wa duk wanda ya tambaya cewa ƙafarsa ce ke ciwo.

Daga ranar Gideon ya daina ce masa Baban Rashida.

"Maman yara, ya kwanan iyali? Sun ci abinci?"

"Ka kama uwarsu da ke gidanka ka dawo da ita."

"Na gwada. Ya ce ba zai dawo ba."

Zakariyya ya ji haushin wannan zolaya ƙwarai, amma abin da ya fi ba shi haushi shi ne ya fara gane su ɗaya-ɗaya. Akwai mai haɗama, akwai mai ɗingishi da kullum ake bari a baya. Ya tsinci kansa yana farfasa gidan gara yana kawo musu a kwano. Wata safiya Mariyamu ta ji wani sauti a lambu, ta leƙa, ashe mijinta ne ke kiransu da maƙogwaro irin yadda kaza ke yi. Ta koma madafa ta toshe baki da gefen zane.

Duk da haka fangalin Ndagi bai yarda sun kusance shi ba. Tsiron ya yi kyau, kore shar, ya kai tsawon yatsa. Su kuma 'yan tsaki sun fara fitar da gashin fiffike, sabon gashin kuwa bai san da jibi ba, ja-ja ya fito irin na uwarsu. Mariyamu ta ce a sake rina su. Ya ce gobe, yau ranar dashe ce.

An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi. Da hantsi ya yaye gidan sauron ya ajiye gefe, ya juya ɗauko fartanya. Juyawar nan kawai suka jira. Kafin ya waiwayo duk shidan suna tsakiyar fangali. Ya buɗe baki zai daka musu tsawa, sai inuwa ta gilma a kan katanga.

Ya ɗaga kai. Shirwa ce, ta naɗe fiffike, tana sukuwa ƙasa.

Ba dutse a kusa, fartanya tana can nesa. Malam Zakariyya, mutum mai jiki da shekaru sittin da ɗoriya, ya faɗa cikin fangalin da gwiwoyinsa da hannayensa, ya baza riga, ya rufe su ruf. Ya ji iskar fiffike a ƙeyarsa, farce ya tafi da hularsa. A ƙarƙashin gwiwoyinsa kuma ya ji tsiron yana karyewa, warin ɗanyen ganye ya bugi hancinsa.

Mariyamu ta fito a guje da ludayi a hannu, ta tsaya cak. Ta dubi mijinta, ta dubi abin da ya danne. Ta san shukar waye ce, ita ma ta ci miyar attarugun nan a Garatu. Ba ta yi dariya ba.

"Malam, tashi. Wataƙila na gefe-gefe su yi rai."

Na gefe-gefen ne yake jin ana tsinka a ƙarƙashin rigarsa, ƙananan bakuna suna aiki ba sassauci. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji, ya tuna Ndagi zaune a kan buhu yana tsince iri a faifai, hawaye suka gangaro cikin shuɗin gemunsa. Da ya ɗaga gwiwa ɗaya ya kore su, da wani abu ya tsira. Ya karkata kai ya dubi sama da ido ɗaya. Shirwar tana nan tana zagaye.

"Tashi mana," in ji Mariyamu a hankali.

"Bari ta yi nisa tukuna," ya ce, ya ƙara jawo gefen rigar ya rufe mai ɗingishin da ya leƙo.