Abin da Gagare Ya Gani a Gidansa

Malam Gagare ya ɗaga ƙafa zai tsallake dokin ƙofar zaurensa, sai ya tsaya da ƙafar a sama. Babu dokin ƙofar. Inda ya san tudu mai kai wa ƙwauri, yanzu ƙasa ce a daɓe, ta gangara a hankali har cikin gida.

Shekara shida ke nan da yanar ido ta rufe masa gani. Kwana huɗu da suka wuce aka yi masa aiki a na dama a Katsina, yau kuma autansa Sharhabilu ya dawo da shi garinsu Yasore, sanye da baƙin tabarau.

"Yaushe ka fasa nan?"

"Ni ban taɓa shi ba, Baba. Sai dai ka tambayi Inna."

Gagare bai tambaya ba tukuna. Duk shekarun nan abin alfaharinsa a majalisa guda ne: a cikin gidansa ko sanda ba ya riƙewa. Ranar da Sharhabilu ya ce a ɗaura masa igiya zuwa makewayi, kwana biyu bai yi masa magana ba.

Da 'yan barka da arziki suka watse bayan la'asar, sai ya tashi ya shiga zagaya gidan kamar baƙo. Turken awaki da ya bari a tsakiyar gida ya koma bayan rumbu. Saiwar darbejiyar da ta ratsa hanya an sare ta. Bakin kwanon rufi, daidai goshinsa, an lanƙwasa shi an naɗe da tsumma. A jikin katangar da ta nufi makewayi kuwa ya ga wani doron laka ya miƙe tsawon hanyar, ya yi sumul har yana sheƙi. Ya ɗora tafin hannu a kai, ya rufe ido. Hannun ya gane wurin nan take. Shi a da ya ɗauka ginin ne ya kumbura.

Ya iske matarsa Asama'u a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa. Ya daɗe yana kallonta. Furfurar ta fi yadda ya zata.

"Dokin ƙofar zaure fa?"

Ba ta ɗago ba. "Yana nan a ƙasa, Malam. Binne shi na yi."

"Ta yaya ban ji ba?"

"Ƙwarya guda ta ƙasa duk Juma'a, in ka tafi masallaci. In yayyafa ruwa, in daɓe. Wata bakwai ya ɗauke ni."

"Katangar kuma?"

"Ita da rani na yi, lokacin da ka kwanta zazzaɓi."

"Me ya hana ki faɗa mani?"

Sai yanzu ta dube shi. "Da na faɗa, da ka yarda?"

Yana so ya ji haushi, amma tambayoyi sun fi haushin yawa. Yana shirin tambayar turken awaki ta ce bari ta duba tukunya.

Ta dafa gwiwa da hannu biyu kafin ta miƙe. Ta nufi madafa tana jan ƙafar hagu, tana kauce wa ramukan da ruwan sama ya zaizaye. A bakin madafar, dokin ƙofar na nan da tsawonsa yadda ya gina shi da hannunsa tun suna da ƙarfi. Ta kama dirka, ta juya gefe, ta sa hannu ta ɗaga ƙafar ta tsallakar da ita.

Gagare ya waiwayi hanyarsa, a share tas daga ɗaki har zaure. Ya sake duban tata.

Ya matsa bakin madafar. "Tun yaushe ƙafar nan?"

"Damina uku ke nan."

"Ban taɓa jin nishinki ba."

"Kunnenka ya cika ji, Malam. Numfashi nake riƙewa har in tsallake."

Hayaƙi ya fara shigar masa idon da likita ya ce a kiyaye. Ya ja da baya, ya kira Sharhabilu.

"Gobe da sassafe ka kira mani Haliru magini. A sauke wannan tudun, a cike ramukan nan, a kafa mata abin dafawa. Randar ma a matso da ita kusa."

Daga cikin madafa Asama'u ta ce, "Ni ban ce ina so ba."

"Ni ma ban ce ina so ba kika yi mani," in ji Gagare.

Ya jawo kujera ya zauna a tsakar gida, ya gyara tabarau, inda zai ga duk wurin da take takawa kafin magariba.