Ƙosan Kifin Uwaisu Tela

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa ita ce shekarar da Kubura ta rasu. Ta bar wa mijinta, Uwaisu tela, 'ya'ya mata biyu, Munira da ƙanwarta Umaima, wadda ko makaranta ba a sa ta ba. A Limawa suke zaune, cikin Dutse. Uwaisu ɗan gidan malamai ne, amma shi keken ɗinki ya kama, ya bar wa yayansa Malam Ashafa makarantar da mahaifinsu ya bari.

Da aka yi sadakar arba'in 'yan zaman makoki suka watse, sai babbar yayar su Uwaisu, Gaji, ta ɗauki nauyin abincin gidan. Kullum da yamma za ta aiko da tuwon shinkafa da miya, wata ran har da soyayyen karfasa. Munira takan ci kaɗan. Umaima kuwa sai ta kalli kwanon ta juya kai. In an matsa mata ta yi loma ɗaya ta riƙe a baki har ta gaji ta tofar. Wuyanta ya yi tsawo, rigarta ta soma yi mata yawa. An kai ta asibiti aka ce ba ta da komai. Malam Ashafa ya yi mata rubutu ta sha, amma ci bai zo ba.

Wata safiya Uwaisu ya ɗauki ragowar tuwo da guntun kifi zai zuba wa kaji, sai Munira ta riƙe masa hannu.

"Baba, Umma ba ta zubar da wannan. Ƙosan kifi take yi mana da shi. Umaima har kuka take in ya ƙare."

Ya tsaya riƙe da kwanon. Ya sha cin abin nan da safe kafin ya tafi shago, amma bai taɓa tambayar yadda ake yinsa ba. Rannan ya hura wuta da kansa, ya cakuɗa tuwon da kifin, ya jefa cikin mai. Nan take abin ya wargaje, ya zama dagwalo a kasko. Ya sake gwadawa washegari, ya ƙone. Da ya samu ɗaya ya haɗu, ya kai baki, ƙaya ta soke shi a dasashi.

Ranar Juma'a ya rufe shago ya hau mota zuwa Miga, garin su Kubura. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin surukarsa, Inna Dada, suka gaisa tana daga ciki. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, sai ta tambaye shi.

"Kai da kanka za ka yi, baban yara?"

"Ni zan yi, Inna."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta fito tsakar gida, abin da ba ta taɓa yi a gabansa ba. Ta sa aka kawo mata sauran tarwaɗar jiya. Ta nuna masa yadda ake murje naman da yatsu a faranti, a hankali, har ƙaya ta ƙare. Ta ce tuwon ya zama ya kwana ya yi tauri, kada a sa masa ruwa ko ɗigo. A daka albasa da attaruhu a matse ruwansu, a fasa ƙwai ɗaya don ya riƙe, a mulmula a danna da tafin hannu, a barbaɗa gari. Mai kuma sai ya yi zafi sosai, kuma in ya sa ƙosan kada ya taɓa shi sai gefen ya yi ja.

"Gaggawa ce ta wargaza maka," in ji ta. "Ita ma haka ta yi ta ɓatawa tana yarinya."

Daga nan ta koma ɗaki, ya ji tana fyace hanci.

Da ya dawo Dutse ya yi yadda aka ce. Ya ajiye farantin a gaban Umaima, ya koma gefe yana gyara itace. Ta sunsuna, ta gutsira. Ta cinye ɗaya ta ɗauki na biyu, ta ɓoye na uku a bayanta kada Munira ta ɗauka. Uwaisu ya sunkuyar da kai yana ta tura itacen da ba ya bukatar turawa.

Daga ranar ba a ƙara zubar da komai a gidan ba. Ragowar shinkafa ta zama ta safe da ɗan mai da yaji. Ƙanzo ya jiƙa ya yi kwaɗo. In babu tuwo sai ya yi ƙosan da dafaffen dankali ko rogo. Ƙamshin suya ya riƙa tsallake katanga, matan maƙwabta suka soma leƙe, magana ta fita unguwa.

Lokacin kuwa kowa a tsorace yake da abin da za a ce da shi. 'Yan daudun da ke tuya a tasha duk sun watse, wasu sun bar gari. Don haka da Uwaisu ya zo wucewa ta majalisa, Isah mai faci ya ɗaga murya ya ce, "Tela, an ce tasha babu mai tuya yanzu. Ko mu nema maka wuri?" Aka kwashe da dariya. Uwaisu ya yi musu sallama ya wuce.

Bayan la'asar Malam Ashafa ya aika a kira shi. Ya tarar da shi a zaure, Gaji na zaune a gefe ta haɗe rai.

"Uwaisu, gidanmu ba a san shi da wannan ba," in ji Malam. "Mutane suna kawo mini 'ya'yansu karatu, ga ƙanena a gindin murhu kamar mace. Mun yanke shawara. Munira za ta koma wajen Gaji. Ƙaramar a kai ta Miga wajen kakarta. Kai kuma a nema maka mata."

Gaji ta karɓe. "Ni abin da ya fi ƙona mini rai, abincina ne kake juyawa. Ana cewa girkin nawa ne ba ya ciwuwa sai an sake shi."

"Yaya, abincinki ne ya riƙe mu, Allah ya saka miki," in ji Uwaisu. Ya juya wajen Malam. "Yaya Malam, ina da tambaya. Abin nan da nake yi haramun ne?"

"Ba maganar haramun ake ba."

"To in ba haramun ba ne, ba zan bari ba. Yarinyar nan ta kusa bin uwarta ina kallo. Yanzu tana ci. Sun rasa uwa, ba zan sa su rasa juna ba, kuma ba zan sa su rasa ni ba don Isah mai faci ya ji daɗi. Aure in lokacinsa ya yi zan yi. Amma ba wanda zai fita daga gidana."

Bai taɓa mayar wa Malam magana ba tun yana yaro. Amma rannan bai janye ko kalma ɗaya ba. Ya nemi gafara, ya sa takalmi ya fita.

Washegari da hantsi ya kwaso duwatsun murhu ya kafa su a ƙofar gida, a bakin hanya, inda duk mai tafiya kasuwa zai gani. Ya zauna kan turmi da hularsa da rigarsa, ya ɗora kasko, yaran na zaune kan tabarma a gefensa. Masu wucewa suka riƙa rage tafiya. Isah ya zo yana tura kekensa, ya tsaya.

"Abin har ya kai waje, tela?"

"Na ga leƙen yana wahalar da mutane," in ji Uwaisu, yana juya ƙosan. "Ga shi nan a fili. Wanda yake da magana ya zo ya faɗa mini ina zaune."

Isah ya yi 'yar dariya, ya tura kekensa ya yi gaba.

Abin bai tafi a banza ba. Gaji ta daina aiko da abinci, dole Uwaisu ya koyi tuƙa tuwo, ya yi ta cin mai gudaji kafin hannunsa ya faɗa. Wasu suka kwashe ɗinkinsu suka kai wani shago. Malam Ashafa ya yi watanni ba ya amsa masa gaisuwa sai da ka, ko da yake bai sake tayar da zancen raba yaran ba. Umaima ta murmure, har aka sa ta islamiyya tare da yayarta.

Abu ɗaya ne ya gagare shi, kitso. Ya gwada, yaran suka yi ta kuka, ya haƙura ya riƙa ɗaura musu ɗankwali. Ana jibi Sallah ƙarama, da safe, sai ga Gaji ta yi sallama, riƙe da kibiya da man kitso. Ba ta kalle shi ba. Ta cire ɗankwalin Munira, ta ga yadda gashin ya cukurkuɗe, ta girgiza kai.

"Haka za su je Idi? Miƙo mini kujera."

Ya miƙo mata. Ta zauna ta jawo Munira tsakanin ƙafafunta ta fara tsefewa.

"Ka tafi shagonka," in ji ta. "Wannan zai kai mu azahar."