Tsawon Kujerar Baya

Har ladan ya kira assalatu ban runtsa ba. Mako uku ke nan ina auna motoci biyu a zuciyata, na kuma yanke hukunci tun ranar Talata, amma wani abu ya hana ni yarda cewa saboda mahaifina na yanke shi.

Mahaifina, Malam Dunoma, falken gyaɗa ne a Roni kafin ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Kowace Litinin da Alhamis nake kai shi Kano wankin ƙoda. Zuwan da sauƙi, dawowar ce azaba. Yakan fito daga asibiti jiri na ɗibarsa, mu zauna a tasha jiran mota ta cika, sannan a matse shi, dogon mutum, gwiwoyinsa na dukan ƙarfe har Kazaure, daga nan mu nemi wata zuwa gida. Ranar da ya yi amai a jikin wani fasinja, ya riƙa ba shi haƙuri kansa a sunkuye, a ranar ya ce a sayar da gonarsa ta bakin rafi a sayi mota.

Musaddiƙ, bakaniken da muka yi firamare tare, shi ya samo mini guda biyu a wurin wani dillali a Kazaure. Ta farko 'yar ƙarama ce, shuɗiya, ba ta daɗe da shigowa ƙasar ba. Lita ɗaya tana kai ta kusan kilomita goma sha bakwai, kayan gyaranta kuma ba sa wuyar samu. Ya ce muddin ina canza mata baƙin mai a kan lokaci, sai ta shekara goma ba ta kwana a garejinsa ba. Ta biyun ruwan toka ce, mai ɗan tsawo, wadda ake kwantar da kujerunta na baya. Ta girmi waccan da shekara takwas, lita ɗaya ba ta wuce mata kilomita goma sha ɗaya, injinta kuma ya fara gajiya. Shekara biyu ya ba ta, uku in an lallaɓa.

Tattalin arziki na karanta a jami'a, ko da yake shekara huɗu ke nan takardar tana cikin akwati. Duk ma'aunin da aka koya mini shuɗiyar ya nuna. Shi ma Baba ita ya zaɓa.

"Ka ɗauki wadda za ta daɗe, Jalalu," in ji shi, yana kallon bango. "Ba don wata shida ake sayen mota ba."

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, a watan jiya likita ya tsayar da ni a baranda ya ce zuciyar Baba ta fara gaza ɗaukar wankin. Bai ambaci wa'adi ba, ya dai ce mu sama masa sauƙi gwargwadon iko. Tun daga ranar, duk sanda na tuna shekara goman da Musaddiƙ ya faɗa, sai in hango kaina ina haya da motar tsakanin Kazaure da Babura, ni da fasinjoji, babu Baba. In na sayi shuɗiyar, kaina na saya wa da gonarsa. In kuwa na sayi ɗayar, na amince ke nan da maganar likita.

Da gari ya waye na tuna abu ɗaya da ban gwada ba: ko zai iya miƙewa a kwance a cikin shuɗiyar. Ban so in tambaye shi tsawonsa. Bayan sallah ya koma barci a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, sai na zaro dogon karan dawa daga danga, na durƙusa, na shimfiɗa shi a gefensa daga kai zuwa diddige, na karya abin da ya yi saura.

Ina miƙewa na ga yayata Mairam tsaye da kwanon koko. Ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali, ta kama hannun rigata.

"Jalalu, kanka ɗaya kuwa?" Muryarta ƙasa-ƙasa. "Mutum yana numfashi kake auna shi da kara?"

Sai a lokacin na ga abin da ke hannuna. A garinmu ba a auna mutum da kara sai in masu haƙan kabari za a kai wa. Na sha gani da idona, amma lissafin mota ya rufe mini tunani. Na fara yi mata bayanin kujera, ta ƙwace karan, ta kakkarya shi, ta ce in fita kafin Inna ta fito daga ɗaki.

"Mairam, ƙyale shi," Baba ya faɗa, idanunsa a rufe. "Da yatsu huɗu na fi ka, Jalalu. Ba sai ka nemi kara ba."

Na sa takalmina, na tari ɗan acaɓa zuwa tasha.

A filin dillalin na tarar da Musaddiƙ yana jirana, har ya sa an wanke shuɗiyar. Na buɗe ƙofar baya, na cire hula, na kwanta. Kaina ya tokari ƙofa ɗaya, ƙafafuna suka tokari ɗayar, gwiwoyina a sama. Na gwada kwanciyar gefe, kujerar gaba ta danne mini ƙauri.

"Ɗan boko, mota ka zo saye ko ɗakin haya?" in ji Musaddiƙ. Dillalin ya taya shi dariya.

Na fito na ce a kwantar mini da kujerun ruwan tokar. Na shiga na miƙe sosai, na sa hannu saman kaina na auna: yatsu huɗu, har da ragowa. Na ɗan jima a haka ina kallon yadin rufin da ya yage a gefe guda.

Musaddiƙ ya gane inda na dosa, ya shiga yi mini faɗa. Ya tuna mini tsadar fetur, da nisan Kano sau biyu a mako, da ƙarar da injin yake yi in ya yi zafi. Ya ce bayan shekara uku sai dai in sayar da ita a kilo, alhali waccan za ta ciyar da ni har in yi aure. Duk gaskiya ya faɗa, na bar shi ya gama.

"Shekara ɗaya fa?" na tambaye shi. "Litinin da Alhamis, ba tare da ta tsaya mana a hanya ba."

Ya dube ni, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya zagaya ya ɗaga bonet, ya daɗe yana taɓe-taɓe. Sannan ya ce zai canza bel da famfon ruwa, ya wanke lagireto, in aka yi haka shekara ɗaya tana wuyansa.

Na biya dillalin, na karɓi takardu. Na riga na tsara abin da zan gaya wa Baba: wani ya riga mu sayen shuɗiyar. Na san ba zai yarda ba, na kuma san ba zai tsananta ba.

Kafin in kai wa Musaddiƙ ita gareji, na biya ta kasuwa, na tsaya a ƙofar mai sayar da katifa. Na buɗe masa bayan motar, na ce ya yanka mini soso mai kauri daidai wurin.