Ranar da Clifford Ya Motsa Baki

Hilary ta ɗaga hannu, mawaƙa talatin suka yi tsit, amma Clifford bai san an tsaya ba. Shi kaɗai ya ja baitin har ƙarshe, muryarsa na yawo a cikin cocin, sannan ya ga idanu a kansa.

Gwajin waƙa na ƙarshe ne, ƙarfe huɗu za a buɗe wa jama'a ƙofa. Shekara arba'in da ɗaya yana zuwa wannan ƙungiya duk Talata, tun yana tuƙa bas.

Da aka tashi shan shayi, Hilary, wadda ke jagorantarsu, ta ja shi bayan ginshiƙi.

"Cliff, na'urar kunnen nan taka tana aiki kuwa?"

"Da safen nan na sa mata batir."

"Kana riga mu, kuma kana sauka daga kan murya. Na kusa da kai duk kai suke bi." Ta kasa haɗa ido da shi. "Yau dai ka riƙa motsa baki kawai. Ka yi haƙuri."

"Kamar kifi ke nan."

"Kada ka ƙara mini nauyi, Cliff."

Ana yayyafi mutane suka shigo da jiƙaƙƙun riguna. A layin baya ya hango 'yarsa Joanne, wadda ta taso daga garin Leeds a jirgin ƙasa. Aka fara da zabura, aka gangaro kan waƙar da aka rera ranar jana'izar matarsa. Ya buɗe baki inda ake buɗewa, ya ja numfashi tare da kowa, bai bar ko sauti ɗaya ya fita ba. Ɗan abin da kunnensa ya tsinto ya ishe shi ya gane gaskiya: rabon da waƙarsu ta yi daɗi haka an yi shekaru.

Bayan tafi, Joanne ta rungume shi, idonta jawur.

"Baba, muryarka na nan yadda na san ta. Ko cikin mutum dubu zan gane ta."

"Kin ji ni?"

"Sarai."

Ya shafa kanta. Ya je ya ajiye baƙar jakar waƙoƙinsa a kwalin da ake tarawa, ya ciro fensirinsa daga ciki.

"Sai Talata ko, Cliff?" in ji Hilary daga bakin ƙofa.

Wannan kam ya ji. Ya nuna kunnensa, ya girgiza kai, ya buɗe lema ya bi Joanne.