Ƙugiyar Gidan Ƙaro

Amalanke bakwai suka tare ƙofar ofishin magajin gari, kowanne shaƙe da jarkunan da babu ko ɗigon ruwa ciki. Mata ke bisa, sun kai talatin, suna bugun jarkunan da sanduna. Mudassir ya leƙo ta taga, ya hango wadda ke gaba. Gwaggo Hajara ce, ƙanwar mahaifinsa, wadda ke aure a Gidan Ƙaro.

"Mudi! Na gan ka, fito!"

Ya fito yana gyara hula. "Gwaggo, lafiya?"

"Da lafiya ka gan mu cikin ranar ga? Motar haƙar foraj, rijiyar burtsatse, ta biyo ta garinmu da safe. Mun share fili, mun dama fura, har guɗa mun yi. Direba ya duba wata takarda ya ce wai mu muna da ruwa, ya taka mota ya wuce. Shekara biyu da rijiyarmu ta rufta! Ba kai ka zo da moto ka rubuta ba?"

"Na rubuta, Gwaggo."

"To wa ya ce muna da ruwa?"

Mudassir ya san amsar, tun wata guda da ya wuce ya san ta.

Shekara uku ya yi yana zagaya ƙauyukan yankin Tasawa, motonsa mai ƙafa biyu na kafewa cikin rairayi, yana ƙirga rijiyoyi da foraj, mai aiki da matacce. Da aka fito da shirin kowace jiha ta ɗora bayananta a intanet, kowa ya gani ya yi aiki da su, sai aka ce a haɗe lissafin Tasawa da na Mayahi. Aikin haɗawar aka ba Asiya, ma'aikaciyar Mayahi da ba ta rufa shekara ɗaya da fara aiki ba. Ita aka ɗauka hoto da gwamna. Ita aka zaɓa ta tafi Yamai jibi, ta yi bayani gaban wakilan jihohi takwas. Sunansa kuwa yana can ƙasan shafi, cikin ƙananan baƙaƙe, an ma rubuta shi ba daidai ba.

Akwai Gidan Karo a Mayahi, mai foraj sabo. Akwai Gidan Ƙaro a nan, mai rufaffiyar rijiya. A rubutun Faransanci duka biyun *Guidan Karo* ne, ƙugiyar harafin ta ɓace. Asiya ta ga suna ɗaya sau biyu, ta ɗauka maimaici ne, ta goge na ƙasa. Da ta turo mashi ya duba, idonsa ya faɗa kan wurin nan take. Ya daɗe yana kallonsa. Ya hango ta tsaye a Yamai, wani ya ɗaga hannu ya tona kuskuren, zauren ya yi tsit. Sai ya rubuta mata: "Sa va, komai daidai."

Bai kawo wa ransa cewa ƙungiyar masu haƙar foraj za ta riga taron Yamai buɗe lissafin ba.

"Kuskure ne daga Mayahi," ya ce wa matan da ƙarfi. "Wata yarinya aka ba aikin da ya fi ƙarfinta."

Da ya faɗi haka sai ya ji wani sanyi a ransa. Ya ciro salula, ya kira ta, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"Malama Asiya, kin goge Gidan Ƙaro daga duniya. Ga mutanensa nan sun zo gaishe ki."

Ya jira kuka, ko gardama. Maimakon haka sai ƙarar maɓallan ordinata, wato kwamfuta.

"Innalillahi. Ƙaro da Karo! Laifina ne, Malam Mudassir. Akwai babba a cikinsu? Ba ni ita."

Gwaggo ta fizge salular. "Ke ce marar imanin?"

"Ni ce, Inna, ki gafarce ni. Motar ta yi wane gefe?"

"Hanyar Urafane."

"Kar ku motsa."

Minti ashirin suka yi a tsaye, jakuna na kaɗa kunne. Mudassir na addu'a a zuci, shi kansa bai san wacce yake so a amsa ba. Salula ta yi ƙara.

"Inna, na gyara lissafin, na sami shugaban tawagar. Sun riga sun kafa injin a wani gari, amma ranar Laraba suna garinku. Ku sake dama furar."

Guɗa ta tashi. Matan da suka zo da sanduna suka shiga kiɗa da jarkuna. Gwaggo Hajara ta manna salular a bakinta. "Allah shi yi maki albarka, ɗiyata! Kina da miji? Don ga wani nan tsaye, shekara uku yana ƙona esansi a moto, waya ɗaya bai iya bugawa ba."

Matan suka fashe da dariya. Mudassir ya yi yaƙe, ya karɓi salularsa ya koma ciki.

Kafin azahar saƙo ya shigo dandalin WhatsApp na ma'aikatan jihohi takwas. Asiya ta ba da labarin kuskurenta ba ta ɓoye komai ba, ta kawo shawara a ƙara layi guda a lissafin ƙasa baki ɗaya, inda za a rubuta sunan kowane gari yadda masu garin ke faɗinsa, da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamajak. Na Damagaram ya ce su ma suna da garuruwa huɗu masu irin wannan matsala. Na Tawa ya turo alamar tafi. Na Dosso ya ce a kira shi layin Asiya.

Layin Asiya! Mudassir ya jawo aljihun tebur, ya fiddo tsohon kayensa, littafin rubutu mai bangon da zufa ta cinye. Tun shafin farko haka yake rubuta sunayen, da ƙugiyarsu, ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ya ɗauki hoton shafin zai tura, yatsansa ya tsaya. In ya nuna ya san bambancin tun shekara uku, wani zai tambaya yadda aka yi ya duba lissafin ya ce komai daidai. Ya goge hoton, ya tura tafi kamar kowa, ya kife salular.

Sai ga kiran Asiya.

"Malam Mudassir, na gode da ka kira ni kai tsaye ba ka kai ƙara sama ba. Mu biyu abin ya kuɓuce wa, amma ban sa sunanka ba, kar ka damu."

"Kin kyauta," ya ce, haƙoransa a cije.

Yana ajiye wayar, farar mota mai lambar Yamai ta tsaya inda amalanken suka tashi. Wani dogon mutum mai tabarau ya shigo da jakar ordinata, ya yi sallama, ya zauna tun ba a ce ya zauna ba.

"Sunana Ishaƙu, ni ke kula da rumbun bayanan. Ina Tasawa labarin ya same ni. Ka san rumbun nan yana riƙe sawun duk wanda ya taɓa shi?" Ya buɗe ordinatar, ya juyo da allon. "Wani daga ofishin nan ya buɗe layin da aka goge har sau tara cikin wata guda, bai gyara ba, bai faɗa wa kowa ba. Kafin in kira magajin gari, wane ne Mudassir?"