Jan Fenti a Murhun Lado

Shekara ashirin da huɗu Lado ya yi yana dafa mazarƙwaila a bakin fadamar Gazara. Injin matse rake ɗaya gare shi, da manyan kasake uku, da magidanta shida da ke cin abinci a wurinsa. Bai taɓa jefa taya a murhu ba kamar yadda wasu ke yi. Busasshiyar tukar rake yake ƙonawa, yadda ya tarar da mahaifinsa yana yi.

Wata Talata, an sare rake gona guda an jibge ke nan, sai ga farar mota da ma'aikatan wata hukumar muhalli su uku. Babbansu ya dubi hayaƙin, ya ciro takarda ya karanta: duk masana'antar da ke fitar da hayaƙi sai ta gina dogon bututu, ta kuma nemi izini.

"Ranka ya daɗe, wannan rumfar ce masana'anta?" in ji Lado.

"Ga inji, ga ma'aikata. Mu abin da aka rubuta muke bi."

Suka shafa wa murhun jan fenti, suka ɗaure injin da sarƙa, suka datse kwaɗo.

Washegari Lado ya kai kuka Makarfi, aka ce sai ofishin hukumar da ke Zariya. A Zariya ya wuni a kan benci, kafin wata ma'aikaciya mai suna Firdausi ta karɓi takardar kokensa. 'Yar Kudan ce, ta san rake.

"Baba, don masu ƙona taya aka yi dokar nan, ba don irinku ba," ta ce a hankali. "Sai dai wanda ya sa kwaɗon shi ne zai cire, kuma ya tafi taro Kaduna."

"'Yata, raken nan an riga an sare shi."

"Na sani, Baba."

Sau huɗu yana komawa. Raken ya fara tsami, kan sara ya yi ja. Mutanensa suka zame ɗaya bayan ɗaya, wasu suka tafi ƙwadago Likoro. Matarsa Lantana, da ke sayar da mazarƙwailar ga masu sari, ta gaji da ba su haƙuri, suka koma saye a wani ƙauye.

Ran kwana na goma sha tara motar ta dawo. Babban nasu ya buɗe kwaɗon, ya ce an duba, ashe wurin bai kai masana'anta ba. Ko zama bai yi ba.

Lado ya hura wuta shi kaɗai, ya matse ɗan abin da ya ragu. Ruwan ya tafasa, ya yi baƙi, ya ƙi daskarewa. Ya zauna a kan tulin tuka ya daɗe yana kallon kaskon.

Da Lantana ta kawo masa fura, ta tambaye shi ko ta aika wa masu yi masa aiki su dawo.

"Ƙyale su," ya ce. "Baɗi masara zan shuka. Ƙafafuna sun gaji."